Kwalbar da Aka Kankare wa Takarda

Duk garin Villa Cañera an san cewa idan likita ya rubuta wa mutum allura, ba asibiti yake komawa ba, gidan wata mata, Doña Benigna, yake nufa da kwalbarsa a hannu. Shekara talatin ke nan tana wannan aiki a bayan wani labule mai furanni a ƙarshen falonta. Ta yi wa masu yankan rake, ta yi wa limamin coci, ta yi wa ƙartin 'yan sanda waɗanda ke runtse ido suna kiran uwarsu tun kafin tsinin ya taɓa su. Ba ta da surutu, abin da ta gani a bayan labule nan yake tsayawa, shi ya sa maza suka yarda su kwance mata bel ba tare da fargaba ba.

Wata Litinin da hantsi ta sallami wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana cikin wanke hannu, sai ɗanta Eliezer ya shigo daga filin atisaye, riga sharkaf da gumi, jakar gorunansa na buga ƙwallon besbol a kafaɗa.

"Mami, sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka. Cire takalmin nan, yanzu na goge ƙasa."

Bai cire ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ƙato mai shekara ashirin da huɗu har da gemu, sannan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya dangwarar a kan teburin aikinta, tsakanin auduga da sifirit.

"Bitamin ne. Ki ɗan caka mini, kwana biyu jikina ba ƙwari."

Ta ɗauka ta ɗaga wajen taga, yadda take yi wa kowace kwalba. An sa wuƙa an kankare takardar jikin kwalbar tas, sai ɗan ragowar gam. Ruwan ciki fari ne kamar madara, da ta karkata kwalbar sai wani gari ya taso daga ƙasa. Bitamin kuwa ja ne wur, kowa a unguwar ya san haka. Wannan farin ruwan ta san shi farin sani. Rabonta da shi shekara ashirin, amma ta gane shi tun kafin garin ya gama kwantawa.

"Ina ka samo?"

"Wani aboki ne ya ba ni. Haba Mami, wannan kallo fa? Sai ka ce bam na ajiye miki."

"Sirinji ya ƙare mini," in ji ta, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Sai Jumma'a za a kawo."

Kwali guda cike da sirinji yana ƙarƙashin teburin, har ƙafarta na taɓa shi. Eliezer bai leƙa ba. Abin da ya ƙara tsorata ta ke nan: bai yi gardama ba, bai yarda sun haɗa ido ba, ya ɗauke kwalbar da sauri, ya ce Allah ya kai mu Jumma'ar, ya shige banɗaki. Ta zauna a kujerar marasa lafiya. Ƙaryar ta ba ta kwana huɗu, kuma ba ta san abin da za ta yi da su ba.

Mijinta marigayi, Teofilo Santelises, wanda garin ke kira Bajimi, shi ya fara kawo mata irin wannan kwalbar. Lokacin yana da shekara ashirin da tara, yana buga besbol a Amurka, an kuma fara raɗe-raɗin za a sallame shi, don duk ƙwallon da ya buga sai ta mutu taku biyu kafin katanga, ta faɗa hannun mai tsaro. Ya dawo hutun ƙarshen shekara da kwalabe shida a cikin safa, ya ce bitamin ne. Ta yarda, ko kuma dai ta ga dama ta yarda. Da aka koma wasa sai ƙwallon ta daina mutuwa. Ta riƙa tsallake katanga tana faɗawa cikin 'yan kallo, bugun da ya fi kowane daraja a wasan, sau talatin da takwas a shekara guda, mutanen Villa Cañera suka riƙa fitowa titi suna kaɗa tukwane duk ranar da rediyo ya ambaci sunansa.

A shekara ta uku, tana kakkaɓe jakarsa, ta tsinci wani kwali da ya mance bai yar ba. Hoton doki ne a jiki, da hatimin shagon maganin dabbobi na bakin hanyar masana'antar sukari. Ta tsare shi da kwalin a hannu. Ya yi dariya ya ce, "Beni, dokin ya taɓa kawo miki ƙara?" A lokacin ana kan ɗora bene a gidan, ƙannensa uku na karatu da guminsa, ita kanta ta fara sabawa da rayuwar da ba a ƙirga nama a tukunya. Abin da ba ta taɓa gaya wa ko limamin coci ba shi ne, ta mayar da kwalin cikin jakar, washegari ta zuƙi farin ruwan ta yi masa, ta kuma ci gaba da yi har wasu shekara huɗu.

Ya rasu yana da arba'in da shida, ranar Lahadi da rana tsaka, a teburin cin abinci. Yana cikin ba Eliezer labarin wani mai jifan ƙwallo da ya taɓa raina shi, cokali a hannu, sai ya yi shiru, ya dubi Benigna kamar zai ce ta miƙo gishiri, kansa ya kife cikin farantin shinkafa da wake. Likitan da ya duba gawar ya ja ta gefe ya ce zuciyar ta yi kauri ta kumbura fiye da ta mutum, ya tambaye ta a hankali ko marigayin ya taɓa amfani da wani abu. Ta ce a'a. Eliezer na da shekara goma sha biyar a lokacin, shi ne ya ɗago kan ubansa daga farantin.

Ga shi yanzu ya gaji komai: tsawon, kafaɗun, da ƙwallon da ke mutuwa taku biyu kafin katanga. Bara wani ƙaramin kulob a Amurka ya sallamo shi. Masu neman 'yan wasa za su zo a watan Fabrairu, kuma mai shekarunsa ba a duba shi sau biyu. Sannan, kamar da gangan, a wannan satin ne kwamitin gari zai buɗe allon tagulla mai sunan Bajimi a Bangon Gwarzaye, a ƙofar filin wasa, inda sunan mutum in ya hau ba ya saukowa. Ranar Asabar za a yi, kuma ita aka ce za ta janye mayafin da hannunta.

Talata ba ta iya sa komai a baki ba sai kofi. Da Eliezer ya fita atisaye ta birkice ɗakinsa, ta ɗaga katifa, ta zazzage takalma, ba ta ga kwalbar ba. A jikinsa take kwana, a jikinsa take yini. Ta gyara gadon tana zagin kanta, don ta san ko ta samu ta fasa, wata za a sayo kafin rana ta faɗi.

Laraba ta fita sayen man girki a kantin Fello, ta tarar majalisar 'yan wasan domino a gindin mangwaro ta kacame, kuma sunan mijinta ne a bakinsu. Mazan Villa Cañera na iya mance ranar haihuwar 'ya'yansu, amma ka tashe su daga barci su gaya maka sau nawa wane ya tsallakar da ƙwallo a shekarar guguwa. Mundito ɗan acaɓa ne ke ɗaga murya. Ɗan baffansa, Kiko Valdespino, ya tsallakar da ƙwallo sau ɗari uku da ɗaya a rayuwarsa, Bajimi ɗari biyu da goma sha biyu, amma sau uku kwamiti na hana Kiko bango saboda gwajin fitsari ya taɓa kama shi.

"Ɗari uku da ɗaya!" in ji Mundito. "Ku ƙirga mana! Allura ce ke ganin ƙwallo? To ni a yi mini goma yanzun nan, a ba ni gora, mu gani ko zan daki wani abu in ba iska ba."

"Kai ko ɗari aka yi maka, ai ko babur ɗinka ba ka iya tayarwa da bugu ɗaya," in ji Fello mai kanti, ya doka domino a tebur har kofuna suka yi tsalle. "Ido na Kiko ne, na yarda. Hannu nasa ne. Amma taku biyun ƙarshe na doki ne. In kuna so a rataye hoton dokin, a rubuta Kiko a ƙasa."

Aka kwashe da dariya. Mundito ya miƙe tsaye.

"A zamaninsu wa bai sha ba? Mai jifa ya sha, mai bugu ya sha, mai share fili ma ban yarda da shi ba. Laifin Kiko ɗaya ne, ya yi fitsari ranar da bai kamata ba. Ko a sa kowa a bango, ko a sauke kowa mu shafa fenti."

"Bajimi bai sha ba," in ji Fello.

"Kai ke riƙe masa wando?"

"Ka iya bakinka, Mundito! Ayaba da rake da nonon uwarsa, su ne ƙarfin Bajimi. Yawwa, ga matarsa Allah ya kawo. Doña Benigna, ke ce mai allurar garin nan kaf. Da ya taɓa abin nan, ai ke za ki fara sani. Don Allah gaya wa wannan jakin."

Duk suka juyo. Mundito ya cire hula, kunya ta kama shi. Benigna ta kawar da ido gefe. Sai a lokacin ta hango Eliezer zaune a kan akwatin lemo a bakin ƙofar kantin, yana kallonta, yana jiran amsar da murmushin mutumin da ya riga ya san ta.

"Ku bar matacce ya huta," in ji ta.

"Kun ji ko!" Fello ya daki tebur, sai ka ce ta dafa Littafi Mai Tsarki ta rantse.

Ta juya ta tafi. Sai da ta kai ƙofar gida ta tuna ba ta sayi man ba.

A ranar ta yanke shawara, shawarar matsorata, ita ma ta san haka. Ba za ta iya duban ɗanta ta ce masa ni ce na yi ba. Amma idan kwamiti ya fasa buɗe allon, dalili ya bazu a gari, Eliezer zai gane abin da ya kashe ubansa ba tare da ta furta a gabansa ba. Allon tagulla dai ba ya numfashi. In rasa shi zai sa ɗanta ya jefar da kwalbar, ta yafe.

Alhamis da safe ta sa gyale ta tafi gidan Don Plinio, shugaban kwamiti, tsohon shugaban makarantar firamare wanda rabin garin ya sha bulalarsa. Ya tarbe ta da murna, ya sa aka kawo kofi, ya ja ta har teburin cin abincinsa, inda allon ke kwance a ƙarƙashin zanin gado. Ya yaye. Ga Teofilo nan a tagulla, hula a karkace, yana dariya. Mai zubin ya yi masa wuyan shekarunsa na ƙarshe, mai kauri kamar turmi, wuyan da ta san daga ina ya fito. Ta dafa kujera.

"Don Plinio, akwai maganar da ya kamata kwamiti ya sani kafin Asabar. Lokacin da Teofilo ke dawowa hutu…"

Ya ɗaga hannu irin na malamin da ya saba tsayar da aji. "Doña, kofinki zai huce."

"Ni ce nake yi masa…"

"Kunnen nan na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma ya fara zaɓen abin da zai ji." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Da hannuna na rubuta dokar bangon nan. Cewa na yi, duk wanda gwaji ya kama. Ban ce duk wanda matarsa ta tuno wani abu ba. An taɓa kama shi?"

"A lokacin ai ba a fara gwajin ba."

"To, kin gani."

"Na doki ne, Don Plinio! Na ga kwalin da idona!"

Tsohon ya waiga wajen kicin, ya rage murya.

"Tun aji uku nake koyar da Teofilo. Ya tafi Amurka da hularsa, ya dawo hular ba ta shiga kansa. Kin ɗauka mu bakwai ɗin kwamitin nan makafi ne? Alluna goma sha ɗaya ne a bangon nan. In na buɗe ƙofar da kike ƙwanƙwasawa, na rantse miki biyar sai sun sauko, ni kuma na san waɗanne ne. Sai mutane su riƙa wucewa suna kallon ƙusoshi? Masana'anta ta rufe, jirgin ƙasan jigilar rake ya daina gudu. Me ya rage wa garin nan in ba bangon ba?"

"Kiko fa?"

"Kiko yana damuna, ba zan ɓoye miki ba. In na hango uwarsa a coci hanya nake sakewa. Amma dole doka ta tsaya a wani wuri, ni kuma a bakin takardar gwaji na tsayar da ita, don nan ne kaɗai ba sai na bi matan mutane da tambaya ba."

Ta buɗe baki za ta ce masa ba allon ne damuwarta ba, ɗanta ne. Sai ta tuna matar Don Plinio na kicin, kuma abin da ya shiga kunnen matar nan kafin la'asar ya zagaye gari, kafin Fabrairu ya kai ga masu neman 'yan wasa. Ta haɗiye maganar.

Ya mayar da zanin ya rufe fuskar Teofilo a hankali. "Ki sa shuɗiyar rigar nan taki ranar Asabar. 'Yan jarida za su zo daga babban birni, Santo Domingo."

A hanyar komawa ta bi ta gaban shagon maganin dabbobin. Dawakin Villa Cañera gaba ɗaya ba su kai ashirin ba, rabinsu ma ƙashi da fata ne masu jan amalanke, amma shagon ya yi bene, ya sa gilashi. Babura huɗu ne a ƙofar, biyu da jakar gora ɗaure a baya. Ta tsaya tana duba ko akwai ta Eliezer a ciki. Babu. Ta yi alamar gicciye ta wuce da sauri.

Da yamma ta ji shi yana hawa bene da gudu, taka biyu-biyu. Ta tsinci kanta a gindin matakalar tana sauraren numfashinsa, ko ya yi nauyi, ko ya yi irin shessheƙar da ubansa ya riƙa yi a shekarun ƙarshe. Lafiya lau yake numfashi, har yana fito. Wannan lafiyar ce ta sa ta kuka, ta shige kicin ta buɗe famfo don kada ya ji.

Jumma'a da safe ta daka masa dafaffiyar ayaba, ta soya albasa da ƙwai, ta ajiye masa a tebur. Ita ba ta zauna ba. Ya ci rabi, ya ture farantin, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Sirinjin ya iso?"

Ta shiga bayan labule ta jawo kwalin, ta dire shi a gabansa.

"Bai taɓa ƙarewa ba. Fito da kwalbar nan."

Ya fito da ita.

"Wannan ba bitamin ba ne, ka sani, na sani. Maganin doki ne. Ka san yadda aka yi na san shi?" Ta riƙe bakin teburin. "Shekara bakwai ina yi wa ubanka shi. A bayan labulen can. Da hannun nan."

Ta gaya masa duka, tun daga kwalaben cikin safa har kwalin mai hoton doki, har abin da likita ya faɗa mata a gefe da ƙaryar da ta yi masa. Ba ta rage wa kanta laifi ko kaɗan ba. Da ta gama ta tsaya tana jiran ya kifar da teburin, ya ce ita ta kashe masa uba, ya fice ya daina kiranta Mami. Ta riga ta shirya wa wannan. Ya tsane ta har ta mutu, in dai yana raye yana tsanar.

Kafaɗun Eliezer suka sauka, ya saki wani dogon numfashi, ya yi 'yar dariya, idonsa cike da ƙwalla.

"Papi ya sha?"

"Shi ya kashe shi, Eli. Ka ji abin da na ce kuwa? Zuciyarsa…"

"Sati uku, Mami." Ya ɗauki kwalbar yana juya ta a tafin hannu. "Sati uku tana aljihuna. Sau biyu ina zuwa har ƙofar mutumin da ke yi wa 'yan wasa allura a bayan shagon maganin dabbobi, sai in ga fuskar Papi, in juyo. Ina ce wa kaina, shi da ayaba ya yi nasa, ni kuma zan zama ɓarawo a gidansa? Na kawo miki ne don ki gane, ki kwaɗa mini mari, in huta. Da kika ce sai Jumma'a, wallahi daɗi na ji. Cewa na yi in na ga an buɗe allonsa gobe, zan jefa ta a kogi."

Abu ɗaya ne ya riƙe yaron nan sati uku, ita kuma yanzun nan ta tsinka shi da bakinta.

"To ka jefa! Tashi mu je tare, yanzu!"

"Shekarar nan da ya tsallakar da ƙwallo sau talatin da takwas," in ji shi, kamar bai ji ta ba, "ita ce ta farko, ko?"

"Eliezer!"

"Ita ce. Kullum ina tambayar kaina me ya gano a shekarar nan da ni na kasa ganowa. Na kalli faifan wasanninsa har ya ƙoƙe. Na sake tsayuwa, na sake riƙon gora, na ce ko jinina ne bai kai nasa ba. Ashe daidai muke."

"A kujerar da kake zaune ya mutu! Kai ka ɗago kansa!"

"Na sani, ina nan." Ya goge ido da bayan hannu, ya yi magana a natse, natsuwar da ta fi ihu ban tsoro. "Yana da arba'in da shida. Ya buga a manyan filaye, ya gina gidan nan, gobe za ki janye mayafi garin ya zuba masa tafi, jikokin Fello za su san sunansa. Ni in na bari, bayan Fabrairu babur zan saya in tsaya kusa da Mundito, in shekara tamanin ina ba da labarin taku biyu. Ba bakwai nake nema ba, Mami. Shekara ɗaya kawai, ƙafata ta shiga."

"Ubanka ma saura shekara ɗaya ya ce mini. Sau huɗu yana faɗa."

Ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafunsa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai a coci. Ta roƙe shi don nonon da ya sha, don Budurwa Maryamu, don kabarin uban. Ta ce gobe za ta karɓi lasifika a gaban 'yan jarida ta tona komai.

"Ki tona," in ji shi a hankali. "Cewa za su yi baƙin ciki ne ya taɓa ki, su riƙe ki su ba ki ruwa, su ci gaba da tafi."

Gaskiya ya faɗa, ita da ta sha kofin Don Plinio jiya ta fi shi sani. Ya sunkuya ya ɗago ta kamar ba ta da nauyi, ya zaunar da ita a kujera, ya gyara mata gyale. Sannan ya ajiye kwalbar kusa da kwalin sirinjin.

"Ba zan tilasta miki ba. Amma yau zan yi, ko nan ko can. Mutumin bayan shagon da awon doki yake yi, dabba mai kilo ɗari huɗu, kuma tsini ɗaya yake bin mutum uku da shi. Ke kika wanke wa ɗaya daga cikinsu, ɗan gidan Marte, ƙurjin cinyarsa bara, kin ga yadda ta ruɓe. Ke kin san awon mutum, Mami. Daga allurar farko a hannunki, Papi ya ƙara shekara goma sha bakwai a duniya."

Ya ɗauki jakar gorunansa ya rataya, ya taka zuwa ƙofa, ya dafa marfin ya tsaya, bayansa gare ta. Daga can filin wasa ana gwada lasifikar bikin gobe, wani yana ta cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, iska na kawo muryar har cikin falon. Benigna ta laluba ko akwai sauran wata magana da uwa ke iya gaya wa ɗanta wadda ba ta faɗa ba, ko tsinuwa ce, ko alkawari, ta tarar duk ta ƙarar. Ta ga ya murɗa marfin, ƙofar ta fara buɗewa, hasken titi ya faɗo a ƙasa.

"Eli."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Kilo nawa ne kai yanzu?"